Abin da Basilla Ya Danne

Litinin, bayan magariba

Basilla yana asibiti. Na rubuta ne don in gani da idona ko zan yarda. Mijina da ban taɓa gani da ƙwayar maganin ciwon kai a hannu ba, yau ga shi kwance an manna masa wayoyi a ƙirji kamar rediyon da ake gyara.

Ina wurin aiki a gidan burodi, hannuna dumu-dumu da kwaɓi, Baba ya kira. Baba ba ya kira, sai dai a kira shi. Ya ce, “Ki zo asibiti, yaron nan ne, ƙirjinsa.” Ya kashe. Yaron nan ɗin mai ’ya’ya uku ne da furfura a gemu, amma a wurin Baba yana nan yadda aka kawo masa shi shagon ɗinkin kujerun mota, dogo siriri, har ma’aikata suka laƙaba masa sunan allurar ɗinkin fata. Baba ya koya masa aiki, daga baya ya ga muna satar kallon juna ya ba shi aurena. Shi kuwa har yau bai iya ce wa Baba komai ba sai “To, Maigida.”

Abin da Baba ya ce ya faru shi ne, sun gama wa wani mutum kujerun motarsa, suna hanyar kai masa, Baba na tuƙi, sai Basilla ya dafe ƙirji ya sunkuya. Na tambaya ko ya yi magana. Baba ya ce, “Wace magana? Sai da na ga gumi na ɗiga daga haɓarsa na juya kan mota.”

Likitan da ya karɓe shi ya jero tambayoyi, mu duka muna tsaye. Ka faɗi? Ka ɗaga abu mai nauyi? Ka yi amai? Basilla ya ɗaga ido ya dubi Baba, ya ce a’a. Sun ce mai yiwuwa zuciya ce, ko da yake awon bai nuna musu wani abin a zo a gani ba. An ba shi magani, an ce ya kwana a ga abin da hali zai yi.

Na kai yara gidan ƙanwata. Na dawo na wanke firij da ba shi da datti.

Talata, da hantsi

Ba zuciya ba ce.

Na iso na tarar da jikinsa zafi rau, numfashi sama-sama, wuyansa ya kumbura, muryarsa ta koma ta wani. Baba na kan kujera tun sassafe, duk wanda ya leƙo sai ya amsa masa, “Da sauƙi, da sauƙi.”

Wata likita ce ta zo, ƙarama, mai gilashi, ba ta kai ƙanwata shekaru ba. Ta danna wuyansa, ta tsaya, ta sake dannawa. Ta kamo yatsana ta ɗora a wurin. Fatar tana ƙara a ƙarƙashin yatsa kamar ana murza ledar biskit. Ta ce iska ce ta shiga inda bai kamata ba, kuma sai an nemo ta ina ta fito.

Ta ce, “Baba, don Allah a ɗan ba mu wuri.”

Baba ya dube ta kamar an ce ya fita daga shagonsa, amma ya fita. Ta ja labule ta zauna a bakin gado.

“Malam, ran wanka ba a ɓoyon cibi. Jiya kafin ciwon nan, amai ya zo maka?”

“Bai fito ba.”

“Ba wannan na tambaya ba. Ya taso?”

Ya ce, “Ya taso. Na danne shi.”

“Da ƙarfi?”

“Da hannu biyu.”

Daga nan komai gudu ya koma. Aka ba shi wani ruwa mai fitowa a hoto ya haɗiya a gaban na’ura. Sun nuna min: farin layi yana sauka tiryan-tiryan, sai can ƙasa ta hagu ya kauce ya bazu. Likitan tiyata, wani dattijo mara yawan magana, ya ce hanyar abinci ce ta yage, wato bututun da ke kai abinci daga maƙogwaro zuwa ciki. Ciki ya turo da ƙarfi, sama a toshe, sai ta fashe ta inda ta fi rauni. Duk abin da ya haɗiya tun jiya, har ruwan da ya kora magani da shi, cikin ƙirji ya zuba kusa da huhu. Ya ce irin wannan ciwon yana yawan kama da na zuciya, kuma dare ɗaya da aka rasa ba ƙaramin rashi ba ne.

A waje Baba ya tare ni. Na ce hanyar abinci ce ta yage. Ya ce, “Haka kawai?” Na ce haka kawai.

Talata, la’asar

Har yanzu suna ciki da shi.

Talata, magariba

Har yanzu. Na haddace duk tsagar da ke jikin bangon barandar nan.

Laraba, da safe

Ya fito da rai. Sun buɗe ta gefen hagu tsakanin haƙarƙari, sun wanke ƙirjin, sun ɗinke yagar. Robobi biyu na fita daga gefensa zuwa wasu kwalabe a ƙasa, wata a hanci, wata siririya a ciki wadda ta nan za a riƙa ba shi abinci kai tsaye zuwa hanji. Ta baki kuwa babu komai. Ko ɗigon ruwa. An rubuta an manna a saman gadonsa da jan biro.

Na ce har yaushe? Dattijon ya ce har sai ɗinkin ya kama. Na ce yaushe zai kama? Ya ce naman ya jiƙa da ƙazanta dare guda, ɗinki a irin wannan nama sai a hankali. Ni ’yar maɗinki ce, matar maɗinki, na san abin da ake nufi da ɗinki a ruɓaɓɓen ƙyalle. Ban ƙara tambaya ba.

Mutum ɗaya ake bari ya shiga ɗakin da yake, na ɗan lokaci. Na bar wa Baba ya fara shiga.

Alhamis, azahar

Ya buɗe ido. Abin da ya fara tambaya da hannu shi ne ko an kai wa mai mota motarsa. Allah ya ba ni haƙuri.

Asabar, bayan azahar

An maido shi babban ɗaki, gado na kusa da taga. An cire robar hanci. An ajiye masa ƙaramin kwano, an ce ko miyau ya taru ya tofar, kada ya haɗiye in zai iya. An kuma ce ya riƙa rungume matashi yana tari, komai zafinsa, don huhu ya buɗe.

Na koma aiki rabin yini, don zaman baranda zai haukata ni. Yau na zo kai tsaye ban canja kaya ba. Ina sunkuyawa in gyara masa zani sai ya kama hannun rigata ya kai hanci, ya lumshe ido.

Ya ce, “Mai madara kuka gasa yau.”

Na ce, “Sakar min riga, ɗan maula.”

“Ba a hana ni shinshina ba. Je ki karanta takardar.”

Na yi dariya, na shiga banɗaki na yi kuka, na fito na nannaɗe tawul ɗin da na riga na nannaɗe.

Baba ya zo. Kullum yana zuwa, ya rufe shago da azahar ya zauna har a kori baƙi. Da nas ta zo canja bandeji ya miƙe ya sa gilashinsa ya duƙa yana duba ɗinkin gefen. Ya ce, “Ba laifi. Tazarar ce ta ɗan yi yawa.” Nas ta ce za ta isar wa likita. Basilla ya so ya yi dariya, zafi ya hana shi, ya mayar da ita murmushi.

Lahadi, da yamma

Yau na titsiye shi, bayan Baba ya tafi. Na ce mutum da hankalinsa, amai ya taso masa, me zai sa ya toshe baki da hannu biyu?

Ya ce tun safe ranar cikinsa ke juyawa, bai faɗa ba don aiki ya yi yawa. Ana ruwa, gilasan mota a rufe, warin gam bai gama fita ba. Kujerun kuma farar fata ce, mako biyu suna kanta, Maigida da kansa ya yi ɗinkin gefe da hannu.

Na ce, “Sai ka ce ya tsaya.”

“Muna tsakiyar titi.”

“Sai ka buɗe gilas.”

“Ruwa zai shigo ya taɓa fatar.”

Na dube shi, na dubi kwalaben da ke ƙasan gado. Ban san lokacin da na ce, “To ga ta nan, fatar ta tsira.”

Ya ce in yi masa alkawari ba zan gaya wa Maigida ba. Wai zai ɗora wa kansa. Na yi alkawarin don ya daina magana, numfashinsa ya fara sama.

A shagon Baba doka ɗaya ce, ni ma da ita na tashi: in allura ta soke ka, ka tsotse jinin kada ya ɓata kayan mutane, ka ci gaba da aiki. Da ina alfahari da ita. Yau haushi nake ji, kuma ban san wa zan ji haushinsa ba, sai na huce a kan mai gadin ƙofa da ya ce in nuna kati.

Talata, da hantsi

Gobe za a sake ba shi ruwan hoton. Na sauya wa kujerun falo wuri. Na mayar da su.

Laraba, azahar

Akwai yoyo. Kaɗan ne, in ji ƙaramar likita, kamar bakin allura, kuma robar gefe tana kwashe abin da ya fita. Ba za a sake buɗe shi ba tukuna. A ci gaba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, a ci gaba da hana baki, jiki zai iya rufe sauran da kansa. In bai rufe ba akwai wani bututu da ake zurawa ta baki a toshe wurin daga ciki.

Basilla ya ce, “To.” Leɓensa duk ya tsage. Ina jiƙa auduga in shafa masa, ina tsaye a kansa kamar ɗan sanda kada ya tsotsa.

Baba ya zo.

Alhamis, la’asar

Baba ya zo. Na lura da wani abu yau, ban so na lura ba. Tun da Baba ya zauna, kwanon tofi bai motsa daga inda na ajiye shi ba. Ina kallon maƙogwaron Basilla yana hawa yana sauka. Haɗiyewa yake. Ba zai tofar da miyau a gaban Maigida ba. Tari kuwa ko ɗaya.

Nas ta zo ta ce, “Malam, yaya ciwo yau?”

Ya gyara zama, ya miƙe wuya. “Lafiya lau.”

Baba ya ce, “Ai ƙarfe ne. Ni na san abin da na rena.”

Juma’a, da yamma

Baba ya zo. Lafiya lau. Na ga yana cije leɓe duk lokacin da ya ja numfashi, ya sa hannu a ƙarƙashin zani ya riƙe gefensa. Bayan Baba ya tafi na tambaye shi, ya ce kwanciya ce ta gajiyar da shi. Na yarda don ina son in yarda.

Asabar, da safe

Rawar sanyi. Gadon har ƙara yake.

Lahadi, bayan azahar

Mugunya ce ta taru a bayan huhu, a wani lungu da robar ba ta kai ba. Jiya suka gano a hoto, suka soka wata sabuwar roba. Abin da ya fito ba zan rubuta kamanninsa ba. Ya amsa wa ƙaramar likita cewa tun Alhamis yake jin suka a ƙarƙashin kafaɗa.

Dattijon likitan nan ya kira ni gefe. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

Ya ce, “Malama, mu ba mu da ido a cikin ƙirjinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ya ce lafiya lau, lafiya lau za mu ɗauka, sai jiki ya tona masa asiri, lokacin kuma an makara. Sau biyu ke nan muna cin sa’a. Ba na son in gwada ta uku.”

Na ce haka halinsa yake.

Ya ce, “Ma’aikatan jinya sun ce min da safe yana tari, yana tofarwa, yana faɗin inda ke masa ciwo in an matsa. Daga azahar zuwa yamma sai ya zama gunki. Wane ne ke zuwa da azahar?”

Ya ce shi ba zai shiga sha’anin gidan mutane ba, amma in na ga dama zai sa a hana a bakin ƙofa, a ce dokar asibiti ce.

Na ce a’a. Mai gadi ba zai kori ubana ba. In korar ce, ni zan yi.

Litinin, magariba

Ban faɗa masa ba. Baba ya zo da sabon matashi da ya ɗinka da kansa, soso mai laushi, daidai rungumar mai tari.

Talata, magariba

Ban faɗa masa ba. Na raka shi har bakin titi, na buɗe baki, sai na ji ina tambayarsa ko ya ci abinci.

Ƙanwata ta ce in bari likita ya yi, wai me ya sa kullum sai na ɗauko dutse na ɗora wa kaina. Ita ba ta san tun rasuwar Inna ba wanda Baba ke zama da shi ya yi shiru mai daɗi sai Basilla ba. Mu ’ya’yansa gaisuwa ce ke haɗa mu. Wancan kuwa shekara da shekaru suna gefe da gefe, ɗaya na yanka ɗaya na ɗinki. In na raba su, ban san wanda zan fi yi wa rauni ba. In ban raba su ba, na san wanda zan rasa.

Na rubuta kalmar “rasa”. Ban so ba.

Laraba, da hantsi

Na je shago kafin Baba ya rufe. Yana tsaye yana yankan soso, keken ɗinkin Basilla a gefe an lulluɓe shi da ƙyalle.

Ya ce, “Kin bar yaron shi kaɗai?”

Na ce, “Baba, kada ka ƙara zuwa asibiti.”

Almakashin bai tsaya ba. Sai da ya kai ƙarshen layi ya ce, “Likita ne ya ce?”

“Ni na ce.”

Na faɗa masa duka. Kwanon tofi, tarin, sukar da ya ɓoye tun Alhamis. Sannan na karya alkawari na faɗa masa na motar, da farar fata, da hannu biyu.

Ya ce, “Saboda kujera?”

“Saboda kujera.”

“Da ya faɗa min ai da na tsaya.”

Nan ne ya kamata in yi shiru. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, bakina irin nasa ne. Na ce, “Yaushe ka taɓa bari a faɗa maka, Baba?”

Ya ajiye almakashi. Ya ɗauki wani guntun soso daga ƙasa, ya duba shi gaba da baya kamar zai yi wani amfani, ya sa a aljihu. Ya ce, “Je ki, kada a neme ki.”

Na fito na bi titi da ƙafa, na wuce tashar mota ban sani ba.

Alhamis, la’asar

Baba bai zo ba. Basilla ya yi ta kallon ƙofa. Na ce wataƙila aiki ne. Ya ce Maigida ba ya fasa abu bai aiko ba. Sai na faɗa masa.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya iya. Ya ce, “Kin yi min alkawari.” Ya juya fuska wajen taga, da robobinsa da komai.

Juma’a, azahar

Ba ya min magana. Ya yi tari sau ba adadi, har da ’yar ƙara. Na zubar da kwanon tofi na wanke na dawo, bai dube ni ba.

Asabar, da yamma

Nas ta tambaye shi ciwo, ya ce, “Nan yana ja, nan kuma yana suka in na kwanta ta dama.” Ta tsaya da biro a hannu tana kallonsa. Ta ce, “Ashe Malam yana da baki.”

Yana fushi da ni, yana samun sauƙi. Na kira Baba bai ɗauka ba.

Litinin, da safe

Zazzaɓi ya sauka. Abin da ke fita ta robar ya koma ruwa-ruwa. Na kira Baba bai ɗauka ba. Ƙanwata ta ce tana wucewa ta gan shi a shago shi kaɗai, a kan keken Basilla yake ɗinki, nasa na nan a rufe.

Na ƙona tire biyu na burodi. Mai gidan burodin ya ce in tafi gida. Na ce in na tafi gida bangon zan kankare.

Laraba, bayan azahar

Farin layin ya sauka har ciki bai kauce ba. Na sa ƙaramar likita ta sake nuna min, ta sake. Ta ce gobe za a gwada ruwa, cokali-cokali, tana tsaye. Ta ce hoto ba ya ganin komai da komai, saboda haka in ya ji wani abu lokacin haɗiya, komai ƙanƙantarsa, ya faɗa nan take.

Da ta fita Basilla ya yi min maganar farko tun Alhamis. Ya ce, “Ba zan sha ba sai Maigida na nan.”

Na ce ka san abin da kake yi in yana nan. Ya ce ya sani. Na ce to me ya sa? Ya ce shago zai koma in ya warke, ba gidan burodi ba, kuma ba zai koma wurin mutumin da aka kora saboda shi ba.

Na zagaya asibitin nan har ƙafata ta yi zafi. In Baba ya zo, ya haɗiyi ruwa ya haɗiyi zafin tare, mun koma gidan jiya. In bai zo ba, wannan mai taurin kan zai bushe a kan gado da ƙishi.

Na kira. Ya ɗauka.

Ya ce, “An ɗage dokar ne?”

Na ce, “Ta gobe kawai, Baba.”

Ya ce, “To.” Ban taɓa jin wannan kalmar a bakinsa haka ba.

Alhamis, bayan la’asar

Ya zo da hantsi, cikin wankakkun kaya. Ya tsaya a bakin ƙofa sai da na ce ya shigo. Bai zauna a kujerarsa ta kullum ba, ya jingina da bango can wajen ƙafar gado. Basilla ya fara yunƙurin gyara zama, na danne masa kafaɗa.

Ƙaramar likita ta zo da kofi da cokali. Cokali na farko ya riƙe ruwan a baki ya rufe ido, ya daɗe kafin ya bar shi ya wuce. Na biyu ya wuce. A na uku na ga girarsa ta motsa.

Ta ce, “Yaya?”

Ya dubi Baba. Ina ganin “lafiya lau” tana haɗuwa a leɓensa, harafi bayan harafi, kuma ba abin da zan iya yi.

Baba yana kallon taga. Ya ce, “Likita, in kin gama da shi ki duba min gwiwar nan ta hagu. Tun kafin su haifi babbar ’yarsu take hana ni barci.”

Babbar ’yarmu bana za ta gama sakandare. Ni na tashi a gidansa, ni ke kai masa abinci duk mako, ban taɓa ji ba.

Basilla ya sunkuyar da kai. Ya ɗora yatsa a ƙasan ƙirjinsa, ya ce, “Akwai zafi. In ya zo nan.”

Likita ta ajiye cokali. Ta ce madalla da ya faɗa. Mai yiwuwa tabon ɗinki ne kawai ruwa ke gogawa, mai yiwuwa kuma ba shi ba ne. An tsayar da ruwa, gobe da safe a sake hoto. Ta rubuta wa Baba ɗakin da zai je a duba masa ƙafa, ya karɓa da hannu biyu.

Bai daɗe ba. Ya ce wa Basilla, “Ka yi tari.” Basilla ya rungume matashi ya yi, a gabansa, ya jawo kwano ya tofar. Baba ya gyaɗa kai ya fita.

Na bi shi a baya har bakin ƙofa, bai waiwayo ba. Yana ɗingishi. Ban sani ba ko yau ya fara, ko yau ya daina ɓoyewa.